Faifan ajiya na ɓacewa a kwamfuta: waya, kes, dok ko haɗin SATA kai tsaye, wanne ya dace da kai?

Idan faifan ajiya ya fara 'yar ɓuya da kwamfuta, yanzu ta gan shi, an jima ya ɓace ana tsakiyar kwafar fayil, hukuncin da ake saurin yankewa shi ne ya mutu. Sau da dama kuwa lafiyarsa ƙalau. Wutar da ke isa gare shi ce ba ta isarsa, ko waya ta gaji, ko bakin soket ya saki. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda ake asarar hotunan iyali, takardun makaranta da lissafin shago na shekara da shekaru saboda an yi ta cusa faifai ana zarewa a kan haɗin da bai dace da shi ba har ya lalace da gaske, ko kwamfuta ta nemi a yi masa fomatin, wato a share shi a tsara shi sabo, aka amsa mata.

Wataƙila laftof ɗinka ce ta mutu aka ciro maka faifanta. Wataƙila faifan waje gare ka da ya fara yankewa. Idan ka shiga shagon kayan kwamfuta, a titin Beirut a Kano ne ko a Banex a Abuja, hanya huɗu za a nuna maka: 'yar wayar adafta mai bakin SATA (irin bakin da ke jikin faifan) a gefe ɗaya da USB a ɗaya gefen, kes da ake rufe faifai a ciki, dok da ake dasa faifai a tsaye, ko a buɗe kwamfutar tebur a haɗa shi kai tsaye da madabod, wato babban allon lantarkin kwamfutar. Duka suna aiki, amma kowanne da faifan da yake wa kyau da wanda yake cutarwa.

Kafin ka kashe ko sisi

Fara da kunnenka. Jona faifan, ka ɗora tafin hannunka a bayansa. Faifai mai lafiya zai tashi da ɗan gurnani, ya daidaita, ka ji rawar jikinsa a hannunka ba yankewa. Idan ya fara juyawa ya tsaya, ya sake farawa ya tsaya, da 'yar ƙara tik-tik ko wani siririn kuka, yawanci wuta ce ta yi masa kaɗan. Idan kuwa ya tashi sosai sannan ya shiga ƙwanƙwasa mai ƙarfi a jere, ko ka ji kamar ana kankare ƙarfe, cire shi nan take. Wannan ciwon a cikinsa yake, babu wayar da za ta warkar da shi, kuma kowane kunnawa ƙara ɓarna yake.

Sai canje-canje, ɗaya bayan ɗaya. Canza waya ka gwada. Ka bar sokocin gaban kwamfutar tebur ka koma na baya, domin na baya a jikin madabod suke, na gaba kuwa sai wuta ta bi ta wata siririyar waya kafin ta iso. Cire duk wani abin raba soket ko wayar ƙarin tsawo da ke tsakani. Kada ka canza abu biyu lokaci guda, in ba haka ba ko ya gyaru ba za ka san mai laifin ba.

Daga nan ka tambayi faifan da kansa. Kowane faifai na zamani yana riƙe da rahoton lafiyarsa da ake kira SMART, kuma manhajar CrystalDiskInfo kyauta ce a Windows, masu Linux kuma suna da smartctl. Layi uku za ka duba. Layi mai lamba 199, wanda ake rubutawa C7, yana ƙirga sau nawa bayanai suka gurɓata a hanya tsakanin faifai da kwamfuta. Idan yana hawa, yawanci laifin wayar SATA ne ko bakin haɗi. Wannan ƙidayar ba ta komawa sifili ko ka sa sabuwar waya, don haka rubuta adadin, canza wayar, kwafi babban fayil, ka sake dubawa. Idan bai ƙaru ba, ka kama ɓarawon. Layi na 5 da na 197 kuwa labarin fuskar faifan suke bayarwa, wato gurabun da suka lalace da waɗanda ake shakkar su. Idan su ne ke hawa, faifan ne ke ciwo, kuma wannan zai canza zaɓin da za ka yi a ƙasa.

Ma'aunan da za mu bi

Na farko, kuma wanda ya fi sauran nauyi, wuta. Soket ɗin USB 2.0 a ƙa'ida miliamfiya 500 yake bayarwa a kan bolt 5, na USB 3.0 kuma 900. Faifan laftof, wato mai inci 2.5, bolt 5 kawai yake sha, amma a daƙiƙun farko da yake tayar da injinsa yana iya jan kusan amfiya guda. Ka ga ke nan a USB 2.0 da ƙyar yake tashi, a USB 3.0 ma a bakin iyaka yake. Faifan kwamfutar tebur, mai inci 3.5, yana buƙatar bolt 12 ban da bolt 5, kuma soket ɗin USB na yau da kullum ba ya bayar da bolt 12. SSD, wato faifan da ke ajiya a guntayen lantarki, ba shi da injin da zai tayar, shi ya sa ya fi sauƙin sha'ani.

Na biyu, ƙarkon bakin haɗi. Ba duk baki aka ƙera don cirewa da mayarwa ba. Ƙa'idar bakin wayar SATA ta cikin kwamfuta sau 50 kacal ta nema ya jure, ta babban bakin USB sau 1,500, ta USB-C kuma sau 10,000.

Na uku, sauri, kuma a nan ne kwalin kaya ya fi ruɗar mai saye. USB 2.0 a aikace ba ya wuce megabait 35 zuwa 40 a daƙiƙa, don haka kwafar gigabait 500 za ta ci kusan awa 4. Faifai mai juyawa na laftof yana bayar da wajen megabait 100 ko sama kaɗan, saboda haka USB 3.0 ya ishe shi har da saura, ƙarin kuɗi kan kes mai gigabit 10 asara ce a kansa. SSD na SATA yana kai wa wajen 550, na NVMe, wato nau'in SSD da ya fi na SATA sauri, shi ne ke cin cikakkiyar moriyar haɗi mai gigabit 10 zuwa sama.

Sauran ukun su ne sauƙin amfani, haɗari ga bayananka, da farashi. Farashin waɗannan kaya yana bin dala, don haka jerin wanda ya fi wani tsada zan bayar, shi ne ba ya canzawa.

Haɗin SATA kai tsaye

Wannan ita ce hanyar da aka ƙera faifan dominta. Waya biyu ce: ta bayanai mai haƙora 7 da ke zuwa madabod, da ta wuta mai haƙora 15 da ke fitowa daga akwatin wutar kwamfuta. Wuta a wadace take, bolt 5 da bolt 12 duka, kuma babu wani guntun lantarki mai fassara a tsakani. Shi ya sa idan faifai yana da gurabun da suka lalace, nan ne ya fi bayar da haɗin kai. Guntun da ke cikin adafta ko kes yakan daskare ko ya saki faifan gaba ɗaya idan ya ci karo da gurbin da ya ƙi karantuwa, madabod kuwa yakan jira, ya ba da rahoton kuskure, aiki ya ci gaba. Manhajar ceto irin ddrescue a nan take yin aikinta yadda ya kamata.

Idan kana da kwamfutar tebur, kuɗin waya ɗaya ne kawai. Sayi mai ɗan makullin ƙarfe a baki, kada tsawonta ya wuce mita 1, kada kuma ka lanƙwasa ta kamar takarda a bayan faifai. Dubi bakin faifan da kyau kafin ka tura: ɗan harshen roba ne siriri mai siffar harafin L, kuma idan aka ja waya ta gefe yakan karye ya maƙale a cikin bakin wayar, haƙoran su rage a tsaye ba abin da ke tallafe su.

Haɗarinsa a wajen wuta yake. 'Yar wayar nan mai juya tsohon baki mai haƙora 4 zuwa bakin SATA, musamman wadda aka narka robar bakinta a dunƙule, an san ta da kama wuta. Idan akwatin wutarka irin wanda ake cire wa wayoyi ne, kada ka ari wayar wani akwatin ko da ta shiga daidai, domin jerin wayoyin ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, kuma bolt 12 a gurbin bolt 5 yana kashe faifai cikin ƙiftawar ido. Akwai kuma abu biyu da ke sa a zargi waya alhali ba ruwanta. A wasu madabod, da zarar ka sa SSD a gurbin M.2, wato ramin da ake cusa siririn SSD a jikin madabod, sai wasu sokocin SATA su daina aiki, littafin madabod ɗin zai gaya maka waɗanne. Wasu manyan faifai kuma, musamman waɗanda aka ciro daga kes na kamfani, sukan ƙi tashi idan haƙori na 3 na bakin wuta ya sami bolt 3.3, saboda a sabuwar ƙa'idar SATA wannan haƙorin umarnin kashewa ne. Ɗan salatif a kan haƙorin yana magance ta.

'Yar wayar adafta

Ita ce mafi araha cikin na USB, kuma ba ta buƙatar sukudireba. Ka tura bakin faifai, ka jona USB, shi ke nan. Ga SSD da faifan laftof mai lafiya da kake son kwashe kayan ciki sau ɗaya, ta isa.

Amma wutarta daga soket ɗin USB kaɗai take zuwa. Idan aka sayar maka da ita a kan faifan inci 3.5 ba tare da cajar bolt 12 ba, ba zai ko motsa ba, kuma faifai da yawa an jefar da su a kan wannan kuskuren. Akwai nau'in da ke da ramin caja a gefe, shi za ka nema idan babban faifai gare ka. Na biyu, faifan a tsirara yake kwance a kan tebur, allon lantarkinsa a buɗe. Kada ka ɗora shi a kan ƙarfe, kada ka ɗaga shi yana juyawa, kuma a lokacin hunturu da iska ta bushe, taɓa ƙarfen jikin kwamfuta tukuna kafin ka taɓa shi, saboda ɗan tartsatsin da ke fita daga yatsa ya isa ya ƙona guntu. Nauyin wayar kuma a kan wancan siririn harshen roba yake rataye. Ba abin ajiya na dindindin ba ce, kayan aikin yini ɗaya ce.

Kes

Kes adafta ce da aka yi wa gida. Guntun ciki iri ɗaya ne, galibi na ASMedia, JMicron ko Realtek, amma bakin SATA yana kulle a ciki sau ɗaya, cirewa da mayarwa ta koma kan bakin USB wanda ya fi juriya. Ga wanda zai riƙa yawo da faifai a jaka, babu na biyunsa.

Wurin da yake mutuwa sananne ne: soket. Kes masu yawa suna da faffaɗan bakin nan mai ɓari biyu na Micro-B. Riƙe kes ɗin ka ɗan motsa kan wayar da yatsa. Idan fitila ta ɗauke ta dawo, ko ka ji soket ɗin yana lilo, dalmar da ta riƙe shi a allo ta tsage. Faifan ciki lafiya lau, kes ɗin ne za a canza. Ga wata dabara ta gwaji: tsohuwar wayar cajin Android tana shiga ɓari ɗaya na wannan bakin, kuma za ta yi aiki da saurin USB 2.0 idan wuta ta isa. In ka sami zaɓi, ɗauki kes mai bakin USB-C. Sai dai ka kula, wayoyin USB-C da yawa da ke zuwa da wayar hannu na caji ne, bayanai da saurin USB 2.0 suke ɗauka. Idan sabon kes ya tsaya a megabait 35 zuwa 40, wayar za ka fara zarga. Haka ma idan ka tura babban bakin USB 3.0 a hankali ko bai shige duka ba, haƙora huɗu na gaba ne za su fara taɓawa, kwamfuta ta ɗauke shi a matsayin USB 2.0. Gajeruwar waya mai kauri ta fi doguwa siririya, domin bolt yana raguwa a hanya.

Duba kwali ko an rubuta UASP, wani tsarin aika bayanai ta USB ne da ke ƙara sauri sosai ga SSD. Idan SSD ɗinka siriri ne na M.2, tabbatar ko SATA ne ko NVMe kafin ka biya, domin kamanninsu kusan ɗaya amma yarensu daban, kuma kes ɗin ɗaya ba ya karanta ɗayan sai in an rubuta yana ɗaukar duka biyun. NVMe yana zafi ƙwarai, a garin da rana ke kai digiri 40 kes na alminiyam za ka saya, na roba zai sa ya rage gudu ko ya yanke.

Gargaɗi biyu ga mai shirin fasa faifan waje na kamfani don ya canza masa kes. Wasu, kamar WD My Passport da yawa, soket ɗin USB a jikin allon faifan yake, babu bakin SATA ko kaɗan, sai dai mai gyara ya sake liƙa soket. Wasu tsofaffin kes kuma suna sirranta bayanai ko su canza girman gurabun faifai, ta yadda idan ka mayar da shi wani gida kwamfuta za ta ce babu komai a ciki, a yi fomatin. Kada ka amsa. Bayananka na nan, irin kes ɗinsa na asali yake nema. Haka idan faifan laftof ya nemi mabuɗin BitLocker mai lambobi 48, wato makullin sirri da Windows ke sa wa faifai, ba matsalar waya ba ce, a asusunka na Microsoft ake fara neman mabuɗin.

Dok

Shi ne mafi tsada cikin huɗun, kuma na mai sana'a ne. Yana da cajarsa ta bolt 12, yana karɓar faifan inci 2.5 da na 3.5, ka dasa, ka danna maɓalli, ka gama ka zare. Mai shagon gyara da ke ganin faifai iri-iri a mako zai mayar da kuɗinsa da wuri.

Raunin dok a ƙasarmu shi ne dogaro da wutar bango. Faifan da ke kan adafta ko ƙaramin kes yana shan wutar batirin laftof, ko an ɗauke wuta bai sani ba. Na kan dok kuwa yana mutuwa nan take, a tsakiyar rubutu, haka ma lokacin juyawa daga wutar gari zuwa janareto. Wanda zai sayi dok ya sa kuɗin UPS, wato akwatin batirin da ke riƙe wuta idan an ɗauke, ko inbata a lissafinsa. Sai batun caja: bakin cajar laftof mai bolt 19 sau da yawa yana shiga ramin dok daidai wa daida, kuma sakamakon shi ne ƙaurin ƙuna daga faifai. Liƙa wa cajar dok alama, ka ware ta daga sauran. Ramin dok a buɗe yake yana kallon sama, ƙurar hunturu na taruwa a kan haƙora, don haka rufe shi idan ba ya aiki. Masu rami biyu kuma suna da maɓallin kwafe faifai zuwa faifai ba tare da kwamfuta ba. Karanta rubutun jikin ramukan sau biyu, domin idan ka juya su, faifan da babu komai ne zai shafe mai kayan.

| Hanya | Farashi | Wuta | Ƙarko | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| SATA kai tsaye | Kuɗin waya kawai | A wadace | Sosai, in ba a yawan cirewa | Sai an buɗe kwamfuta | Wayar wuta mara kyau |
| Wayar adafta | Araha | USB kaɗai, sai mai caja | Kaɗan | Mafi sauƙi | Faifai a tsirara |
| Kes | Matsakaici | USB ga ƙarami, caja ga babba | Mai kyau | Sau ɗaya ake haɗawa | Soket ya saki, zafi |
| Dok | Mafi tsada | Cajar bolt 12 | Mai kyau a kan tebur | Sauƙi ƙwarai | Ɗauke wuta, cajar da ba tasa ba |

Idan faifan tsohon yayi ne

Huɗun nan duk na SATA ne. Akwai faifai uku da ba za su shiga ba. Na IDE yana da haƙora 40, na laftof 44, kuma akwai adafta ta USB da ke karɓarsa tare da cajarta. Duba 'yar hular robar da ke haɗa haƙora biyu a bayansa, ka sa ta a matsayin faifai na farko, domin idan tana wani matsayi adafta da yawa ba sa ganinsa. Na SAS, wanda ake samu da araha cikin kayan saba na gwanjo, wato manyan kwamfutocin da ke yi wa wasu kwamfutoci hidima, yana kama da SATA amma robar bakinsa a haɗe take tsakanin ɓangaren wuta da na bayanai. Ko an sami abin da ya shiga, sai da katin SAS zai yi magana.

Na ukun shi ne SCSI, kuma ya cancanci a tsaya a kansa, domin har yanzu ana cin karo da shi a tsofaffin saba, na'urorin kaset na adana bayanai, sikana, tsofaffin Macintosh da wasu injinan situdiyo. A SATA da USB kowane faifai da wayarsa. A SCSI kuwa na'urori suna jere a kan layi ɗaya, har 8 a waya mai haƙora 50, har 16 a mai haƙora 68, haɗe da katin SCSI da ke cikin kwamfutar. Idan saƙon lantarki ya kai ƙarshen layi bai sami abin da zai shanye shi ba, sai ya dawo baya kamar amsa-kuwwa a ɗakin da babu kaya, ya gauraya da saƙon da ke biye. Tamineta, 'yar na'urar da ake sawa a ƙarshen layi, ita ce ke shanye shi. Alamun rashinta masu ruɗarwa ne: kwamfuta ta tsaya cak tana lalube lokacin tashi, faifai ya bayyana yau ya ɓace gobe, ƙananan fayiloli su wuce lafiya babba ya lalace, ko komai ya yi aiki sai ranar da aka ƙara na'ura ɗaya.

Dokar ita ce tamineta biyu, a ƙarshen layi biyu, ba ƙari ba ragi. Ƙarshen waya ake nufi, ba na'urar ƙarshe ba. Idan bayan faifan ƙarshe akwai sauran baki a wayar, tamineta a bakin ƙarshe za ta zauna, ko a matsar da faifan can. Katin kwamfuta galibi shi ne ƙarshe ɗaya kuma yana da tasa a ciki, amma idan ka jona na'urori ta ciki da ta waje duka, katin ya koma tsakiya, dole a kashe tasa. Duk faifan da ke tsakiya a kashe tasa. Tamineta kuma tana buƙatar wuta daga layin, yawanci katin ne ke bayarwa, don haka idan tana da fitila kuma ba ta kama ba, nan za ka fara bincike. Kowace na'ura da lambarta daban, katin ya saba riƙe 7, kuma faifan da aka ba lambar katin yakan bayyana a kowace lamba ko ya ƙi bayyana sam.

Wajen saye, tamineta iri uku ce. Ta farko ta 'yan rezisto zalla ce, masu om 220 da 330. Ita ce mafi araha, amma ta gajeren layi ce mai tafiyar hawainiya na zamanin SCSI na farko, kuma duk rawar da wutar layi ta yi sai ta shafe ta. Ta biyu tana da guntu mai daidaita wuta a bolt 2.85 da rezisto masu om 110, ita ake buƙata ga layin Fast da Ultra, wato nau'o'in SCSI da suka fi na farko sauri, kuma ko a tsohon layi ta fi ta farko. Ta uku ita ce mai rubutun LVD/SE, ta sabon tsarin layi da ake kira LVD, wato Ultra2, Ultra160 da Ultra320. Faifan LVD ba su da tamineta a jikinsu, don haka dole ta kasance a kan waya. Shawarata, kada ka sayi ta farko sai in na'urar ta tilasta, ɗauki ta biyu ga haƙora 50, ta uku ga haƙora 68. Tsawo ma ana ƙirga shi har da wayar da ke cikin akwatuna: mita 3 ga Fast, mita 1.5 ga Ultra idan na'urori sun haura huɗu, mita 12 ga LVD. Tsohuwar na'ura guda ɗaya a kan layin LVD tana janyo layin duka ya koma tsohon yayi, saurin ya faɗi, iyakar tsawon ma ta ragu. Na'ura mai rubutun HVD kuwa kada ta kusanci sauran, tana iya ƙona su.

Wa ya kamata ya ɗauki me

Idan layi na 5 ko na 197 yana hawa, ko bayanan ba su da kwafi a ko'ina, nemi kwamfutar tebur a haɗa SATA kai tsaye, a kwafe faifan gaba ɗaya zuwa wani faifan kafin a taɓa komai. Idan yana ƙwanƙwasa, kada a jona shi ko'ina, sai wurin masu ceto bayanai.

Ɗalibi ko ma'aikacin da laftof ɗinsa ta mutu, faifan kuma lafiya, yana son kwashe kayansa kawai: wayar adafta ta USB 3.0 ta wadatar. Idan yana son ci gaba da amfani da faifan a matsayin na waje, ya ƙara kuɗi kaɗan ya sayi kes mai USB-C da gajeruwar waya.

Mai ɗaukar hoton biki ko mai haɗa bidiyo da ke yawo da aiki: SSD a kes na alminiyam, da waya ta biyu a jaka, sannan babban faifai a gida don kwafi. Mai faifan inci 3.5 guda ɗaya da zai zauna a kan tebur: kes mai cajar bolt 12, a bayan UPS. Mai shagon gyara: dok, da kwamfutar tebur guda a gefe don faifai marasa lafiya, da adaftar IDE a durowa.

Ofishin da har yanzu ke da saba ko na'urar kaset ta SCSI: a sayi tamineta da ta dace da wayar, a gajarta layin, a rubuta lambar kowace na'ura a jikinta, kuma da zarar layin ya tsaya daram a kwashe bayanan zuwa faifan SATA a ranar, tun da katunan SCSI da wayoyinsu sai a kasuwar gwanjo ake samunsu yanzu.